Yadda Ake Kallon Tsofaffin Gajerun Katun Don a Fahimci Tarihinsu

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa, muddin akwai talabijin ko waya mai ɗaukar bidiyo, da yaransa ba su san kyanwar nan Tom da ɓeran nan Jerry ba, kuma da yawa daga cikin iyayen ma da su suka tashi. Sai dai ba kowa ya san cewa waɗannan finafinai na minti shida zuwa bakwai tun asali don gidajen silima na Amurka aka yi su ba, inda ake nuna su tare da labaran duniya kafin a sa babban fim, a gaban 'yan kallon da manya suka fi yawa a cikinsu. Kowane motsi da ke ciki da hannu aka zana shi, takarda bayan takarda, aka kuma auna shi da kiɗa kafin ya kai ga kyamara. Wanda ya kalle su a guje zai yi dariya ya wuce, amma wanda ya kalle su a tsanake, bisa jerin shekarunsu, zai ga yadda wata sana'a ta tashi daga zanen alli har ta kai ƙololuwa cikin shekara arba'in, sannan ta koma wata kama. Irin wannan kallon ne zan bayyana yadda ake yin sa.

Neman kwafi mai kyau da gano shekararsa

Abu na farko shi ne ka tabbatar fim ɗin da ke gabanka yana nan yadda masu shi suka bar shi. Kusan duk katun da aka yi kafin 1953 hotonsa ya kusa zama murabba'i, wato faɗi huɗu tsayi uku, don haka idan ka gan shi ya cika allon waya daga gefe zuwa gefe, to ko dai an miƙe shi har fuskoki sun baje, ko kuma an yanke sama da ƙasa. Irin wannan kwafin ka bar shi ka nemi wani. Haka kuma ka guji wanda aka ƙara wa sauri, ko aka cire masa kiɗan asali aka ɗora wani, domin rabin aikin a cikin kiɗan yake. Finafinan farko-farko da yawa sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, ana samun su kyauta a rumbun Internet Archive da shafin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2024 Steamboat Willie, fim ɗin ɓeran nan Mickey na 1928, ma ya shiga sahunsu.

Kada ka tsallake rubutun farkon fim, domin a nan ne sunan kamfani da na darakta da na masu zane da na mai kiɗa suke. A can ƙasa akwai shekara, amma da lambobin Rumawa ake rubuta ta, kuma karanta su ba wuya: MCM na nufin 1900, X goma, L hamsin, V biyar, I ɗaya, kuma idan ƙaramar lamba ta gabaci babba sai a ɗebe ta. Saboda haka MCMXL shi ne 1940, MCMXLVII shi ne 1947, MCMLIII kuwa 1953. Wannan shekarar rajista ce, wani lokaci fim yakan fito a shekarar da ke biye. Ka tanadi ɗan littafi ka riƙa rubuta suna da shekara da kamfani da darakta, tare da abu ɗaya da ya ja hankalinka, domin bayan fim ashirin za ka fara gane hannun kowane darakta tun kafin ka ga sunansa.

Lissafin da ke ƙarƙashin motsi

Fim mai sauti yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Katun na minti bakwai ke nan yana da hoto 10,080. Masu zane sukan ɗauki zane ɗaya sau biyu idan motsin ba mai sauri ba ne, wato zane 12 a daƙiƙa, amma idan ana gudu ko kyamara na tafiya sai su zana sabo ga kowane hoto. Ko an bi hanya mai sauƙi, fim ɗaya yana cin zane sama da dubu biyar, ban da bango, ban da zane-zanen gwaji da aka zubar. Babban mai zane shi ke yin manyan tsayuwa, wato farkon motsi da ƙarshensa da maƙurarsa, mataimaka su cike tsakani, sannan a kai sashen tawada da fenti, inda mata suka fi yawa, su kwafe kowane zane a kan falle na roba mai garau kamar gilashi, su shafa launi ta bayansa.

Don ka ga wannan da idonka, ka koyi tsayar da fim kana matsar da shi hoto ɗaya-ɗaya. A YouTube ta kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyo, maɓallin aya yana matsawa gaba hoto ɗaya, na waƙafi kuma yana komawa baya. A manhajar VLC harafin E ke matsawa gaba hoto ɗaya. A waya kuwa sai ka rage sauri zuwa kashi ɗaya bisa huɗu. Tsarin da na ga ya fi amfani shi ne a kalli kowane fim sau uku: na farko yadda yake don jin daɗi, na biyu a kashe sauti a bi jiki da fuska kawai, na uku a ɗauki daƙiƙa biyar da suka fi burge ka a bi su hoto bayan hoto.

Fara daga zamanin da babu sauti

Ba sai ka daɗe a nan ba, fim uku ko huɗu sun wadatar. Ka fara da Fantasmagorie na Bafaranshen nan Émile Cohl, na 1908, wanda bai kai minti biyu ba, an yi shi da zane kusan 700, farin layi a kan baƙi kamar alli a allo, kowane abu yana rikiɗa ya koma wani. Daga nan ka wuce zuwa Gertie the Dinosaur na Winsor McCay, na 1914, fim a kan wata ƙatuwar dabbar zamanin da, wanda ya ci zane kusan dubu goma a takarda. Ka dubi duwatsu da ruwan da ke bayan dabbar, za ka ga suna ɗan rawa, dalili kuwa shi ne mataimakinsa sai da ya sake zana bangon a kowace takarda. McCay da kansa yake tsayawa gefen allo a dandali yana ba dabbar umarni, ta ɗaga ƙafa, ta yi masa gardama, ya tsawata mata ta fashe da kuka. A nan ne zane ya fara samun hali irin na mai rai, kuma duk abin da ya zo daga baya a kan wannan ya ginu.

A wannan shekara ta 1914 ne Earl Hurd ya yi rajistar dabarar fallen roba, wadda ta sa ake zana bango sau ɗaya a ɗora masu motsi a kansa, kuma ita ce ta mayar da katun sana'ar kamfani mai fitar da fim a kai a kai. Ka rufe wannan zango da fim ɗaya na kyanwar nan Felix, wadda ta fito a 1919 daga kamfanin Pat Sullivan, Otto Messmer ne kuma ke zana ta. Ka lura da yadda take cire wutsiyarta ta mayar da ita sanda, da yadda take kai da komo hannu a baya idan tana tunani, domin ba tare da ko kalma ɗaya ba kana sanin abin da ke ranta.

Shigowar sauti da launi

A 1928 Walt Disney ya rasa zomon nan Oswald, domin haƙƙinsa na kamfanin Universal ne, shi ya sa shi da abokin aikinsa Ub Iwerks suka ƙirƙiro Mickey. An fara nuna Steamboat Willie a birnin New York ranar 18 ga Nuwamban 1928. Akwai katun masu sauti kafin shi, amma shi ne ya haɗa motsi da kiɗa ƙafa da ƙafa ta yadda 'yan kallo suka yarda cewa fito da bugun daga jikin zanen suke fitowa. Idan kana kallonsa ka riƙa buga ƙafa a ƙasa tare da kiɗan, za ka ji kowane motsi yana sauka daidai kan bugu. Bayan shi ka kalli Flowers and Trees na 1932, katun na farko da aka yi da cikakken launin Technicolor, wanda kuma ya fara cin lambar yabo ta Oscar a rukunin gajerun katun, sannan The Old Mill na 1937, inda aka jera zane a kan gilasai hawa-hawa kyamara tana kallo daga sama, don na kusa ya gilma da sauri na nesa ya tafi a hankali. Disney ya mayar da gajerun finafinansa makarantar gwaji, abin da aka koya a cikinsu shi ya ba da damar yin dogon fim ɗinsa na farko a ƙarshen 1937.

Kada ka bari Disney ya rufe maka ido daga 'yan'uwan nan biyu, Max da Dave Fleischer, waɗanda suke aiki a New York. Finafinansu na birni ne, da benaye da lunguna da kiɗan jaz, kuma komai a cikinsu yana iya buɗe baki ya yi magana, ko kujera ko fitila. Max ne ya ƙirƙiro na'urar da ake ɗaukar mutum na gaskiya a kwafe motsinsa hoto bayan hoto, kuma da ita aka kwafe rawar mawaƙi Cab Calloway a fim ɗin 'yar katun ɗin nan Betty Boop na 1932. Su ne suka kawo matuƙin jirgin ruwan nan Popeye allo a 1933. Mai karatun Hausa zai so ya ga manyan finafinan Popeye uku masu launi, na 1936 da 1937 da 1939, domin daga labaran Dare Dubu da Ɗaya aka ɗauko su: Sindbad, da Ali Baba da ɓarayi arba'in, da Aladdin. A na Sindbad ka dubi kogon da duwatsun tsibirin, ba zane ba ne, ƙananan siffofi ne aka gina a kan teburi mai juyawa aka ɗora zanen a gabansu, shi ya sa wurin yake da zurfi na gaske. Sai dai Larabawan da ke cikin na Ali Baba an zana su ne da idon wanda bai san su ba, kuma zan dawo kan wannan.

Warner da MGM, inda ya kamata ka fi daɗewa

Daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa tsakiyar na 1950 ne sana'ar ta cika ta batse. Kamfanin Warner ya fitar da gajerun katun kusan dubu tsakanin 1930 da 1969 a ƙarƙashin jerin finafinan Looney Tunes da Merrie Melodies, kuma hanyar da ta fi dacewa a bi su ita ce ta daraktoci. Tex Avery, wanda ya fito da agwagwar nan Daffy a 1937 ya kuma daidaita halin zomon nan Bugs a A Wild Hare na 1940, gwanin sauri ne da wuce gona da iri, 'yan wasansa ma sukan juyo su yi wa 'yan kallo magana. Bob Clampett yana lanƙwasa jiki kamar danƙo. Friz Freleng ya fi kowa iya ɗora barkwanci a kan kiɗa. Chuck Jones kuwa ƙarfinsa yana cikin ɗan jinkiri da ɗaga gira. Muryoyin mafi yawan waɗannan halittu na mutum ɗaya ne, Mel Blanc, kiɗan kuma na Carl Stalling ne daga 1936 zuwa 1958, wanda yakan sauya waƙa sau da yawa cikin minti ɗaya don ta bi abin da ke faruwa.

Don ka gane abin da ake nufi da auna lokaci, ka ɗauki ɗaya daga cikin finafinan Jones na dilan jeji da tsuntsu mai gudu, waɗanda suka fara a 1949. Dila ya biyo tsuntsu a guje har ya zarce bakin dutse, ya tsaya a iska bai faɗi ba, ya laluba ƙasa da ƙafa, ya dubi ƙasa, ya ɗago ya dube ka, sannan ya faɗi. Kyamara ta bi shi daga sama yana ƙanƙancewa har ya ɓace, a yi shiru na ɗan lokaci, sai ka ji ƙaramar ƙara tare da ɗan kumfar ƙura. Ka ƙirga hotunan da ke tsakanin ɓacewarsa da tashin ƙurar. Da an rage su ko an ƙara, da dariyar ta mutu, kuma Jones ya san haka, a takarda ya ƙayyade adadin kafin a zana komai. Bayan wannan ka kalli Duck Amuck na 1953, inda wani mai zane da ba a gani yake goge bango da kaya da murya, har da jikin Daffy, amma duk da haka kana gane shi, domin halinsa ba a kamanninsa yake ba.

A kamfanin MGM kuwa William Hanna da Joseph Barbera sun yi Tom da Jerry guda 114 da suka fito tsakanin 1940 da 1958, bakwai daga ciki suka ci Oscar, ko da yake furodusa Fred Quimby ne yake karɓar lambar. Ka fara da na farkonsu, Puss Gets the Boot na 1940, inda kyanwar sunanta Jasper, gashinta buzu-buzu, tana yawan tafiya da ƙafa huɗu, sannan ka tsallaka shekara biyar-biyar kana ganin yadda jikinta yake sulɓi, take miƙewa tsaye, saurin fim ɗin kuma yake ƙaruwa, musamman bayan da Avery ya koma MGM a farkon shekarun 1940. Barbera ne ke tsara labari da zane-zanen farko, Hanna ke auna lokaci, Scott Bradley kuma ke rubuta kiɗa.

Wata rana da yamma na zauna da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma, muka sa The Cat Concerto na 1947, wanda Tom yake kaɗa fiyano a gaban jama'a, Jerry kuma yana barci a cikin fiyanon har gudumomin ciki suka tashe shi. Yaron ya kalle shi ya fi a ƙirga, ya ma haddace inda ake dariya. Na tsayar da fim ɗin daidai inda Tom zai sauke hannu da ƙarfi, na fara matsarwa ɗaya-ɗaya. Sai ga shi kafin hannun ya sauka sai da ya fara ɗagawa sama, kafaɗa ta bi shi, jiki duka ya ja baya, sannan cikin hoto biyu ko uku ya sauko. Yaron ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya ce, "Kawu, ashe sai ya koma baya kafin ya yi gaba!" Na ce masa ya tashi ya yi kamar zai jefa dutse, ya tashi, hannunsa da kansa ya koma baya. Wannan shiri da jiki ke yi kafin motsi yana cikin ƙa'idoji goma sha biyu da tsofaffin masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara a littafinsu na 1981, tare da matsewa da miƙewar jiki, da yadda wutsiya ko kunne ke ci gaba da lilo bayan jiki ya tsaya. Da zarar ka gan su sau ɗaya za ka riƙa ganin su ko'ina.

Gane na asali da na baya

A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da Paramount, wanda ya raba manyan kamfanoni da gidajen silimarsu, ya kuma hana su tilasta wa masu silima sayen finafinai a dunƙule. Daga nan gajeren katun ya rasa tabbacin kasuwa, talabijin kuma ta janye 'yan kallo. MGM ya rufe sashen katun a 1957, Hanna da Barbera suka buɗe nasu kamfanin suka koma talabijin, inda kuɗi kaɗan ne, aiki kuma da yawa. Alamun wannan zamani a bayyane suke: jiki a tsaye cak baki kaɗai ke motsi, ɗan wasa yana gudu yana wuce taga ɗaya da kujera ɗaya sau biyar, kuma yawancinsu suna sanye da kwala ko laƙataye don a raba kai da gangar jiki a riƙa sauya kan kawai. Rage zane da gangan don ado ya riga wannan, kamfanin UPA, wanda wasu da suka bar Disney bayan yajin aikin 1941 suka kafa, shi ya nuna kyansa a Gerald McBoing-Boing na 1950, kuma ya cancanci a kalle shi don a ga bambancin ragi na fasaha da ragi na tsimi.

Tom da Jerry da ake haɗawa a faifai ɗaya ma ba hannu ɗaya ya yi su ba. Guda 13 na 1961 da 1962 Gene Deitch ne ya yi su a birnin Prag, ana gane su da sauti mai amsa-kuwwa da motsi mai tsalle-tsalle. Guda 34 na 1963 zuwa 1967 na Chuck Jones ne, Tom yana da gira mai kauri, Jerry kuma manyan kunnuwa da idanu. Ka raba su kashi uku a littafinka, in ba haka ba za ka ɗora wa wani laifin wani.

Kafin ka nuna wa yara

Wannan wuri ne da bai kamata a yi sakaci da shi ba. Tun da don manya aka yi su, akwai shan taba da giya da harbi da raye-rayen da ba kowane gida zai yarda da su ba, akwai kuma na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi don farfaganda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda da yawa suka zana baƙar fata. Jungle Jitters na 1938 ya nuna mutanen Afirka a matsayin masu cin naman mutane, kuma yana cikin finafinai goma sha ɗaya na Warner da aka janye daga talabijin a 1968. A Tom da Jerry akwai baƙar mace mai aikin gida wadda kusan kullum ƙafafunta da silifas kaɗai ake gani, Lillian Randolph ce ta yi muryarta, akwai kuma wasan da idan wani abu ya fashe sai fuska ta yi baƙi leɓe ya yi kauri, wanda ya samo asali daga wasannin dandalin da Turawan Amurka suke shafa baƙi suna kwaikwayon baƙaƙe don izgili. Ƙa'idata ita ce ban taɓa sa wa ƙaramin yaro fim ɗin da ban riga na kalla ni kaɗai ba. Wanda ya kai shekara goma sha biyu kuwa gara a zauna tare da shi, a tsayar da fim a wurin, a tambaye shi wa aka zana, wa ya zana shi, kuma wa ake so ya yi dariya, domin zai ci karo da irin wannan hoto wata rana ko ba a nuna masa ba, kuma ya fi kyau ya same shi da bayani a hannu.

Gwada da hannunka

Kallo kaɗai ba ya isa a san nauyin aikin, sai an taɓa. Ka sami tsohon littafin rubutu da fensir, ka ƙirga shafi 24, ka fara daga na ƙarshe a kusurwar ƙasa, don in ka sauke shafi na gaba kana hango inuwar zanen da ya gabata. Ka zana ƙwallo tana faɗowa ta bugi ƙasa ta tashi. Idan tana sama ka sa tazarar da ke tsakanin zane da zane ta zama ƙarama, tana saukowa kana buɗa tazarar, gab da ƙasa ka ɗan miƙe ta a tsaye, a shafin da ta taɓa ƙasa ka baje ta kamar waina, amma girmanta kada ya ƙaru ko ya ragu, sannan ta koma daidai tana tashi. Ka kama gefen shafukan da babban yatsa ka sake su. Bayan haka ka sake yin wata ba tare da bajewa ba, ka kuma hana ta tashi sosai, za ka ga ta koma dutse. Abin da ka kwashe awa guda kana yi daƙiƙa ɗaya ce ko biyu ta fim, kuma daga ranar idonka zai sauya game da minti bakwai na Tom da Jerry.

Bin sawun gadon

Mataki na ƙarshe shi ne ka riƙa neman tsofaffin a cikin sababbi. Osamu Tezuka, wanda ake ɗauka uban katun na Japan, ya tashi da finafinan Disney da na Fleischer, kuma manyan idanun da aka san zanen Japan da su suna da alaƙa da wannan. Gajeren fim ɗin kamfanin Pixar na 1986 mai fitilun tebur biyu da kwamfuta aka yi shi, amma ka bi shi hoto bayan hoto za ka ga ƙaramar fitilar tana durƙusawa kafin ta yi tsalle, daidai da hannun Tom. Fim ɗin Who Framed Roger Rabbit na 1988 ya tara 'yan wasan Disney da na Warner a allo ɗaya, tashar Cartoon Network da aka buɗe a 1992 da rumbun waɗannan tsofaffin finafinai ta fara, wasan bidiyo na Cuphead na 2017 kuma da hannu aka zana shi bisa salon Fleischer.

Ka kuma sa Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar a jerinka, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya kuma yi shekaru masu yawa a Tawa. Ta hannun Bafaranshen mai shirya fim Jean Rouch ya shiga harkar fim a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da gwanin katun Norman McLaren, don haka silsilarsa daban take da ta Hollywood, amma gajeren fim ne shi ma, da hannu, hoto bayan hoto. Ka nemi Bon Voyage Sim na 1966, mai kimanin minti biyar, inda shugaban wata jamhuriyar kwaɗi yake kai ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, da faretin soja da dukan bukukuwan tarba, a layukan baƙi da fari marasa ado. Ka yi masa kallo uku kamar sauran, a na ukun ka tsaya kan faretin ka ƙirga zane nawa ya yi amfani da su wajen tafiyar sojojin. Daga nan ka nemi Kokoa, wanda ya yi da 'yan tsana a kan kokawar gargajiya, ka kashe sauti, ka dubi yadda 'yan kokawar suke zagaya juna kafin kamu, ka rubuta a littafinka a ƙarƙashin sunan Hanna da Barbera da na Jones.